Kayan Aro a Gidan Baƙin Gwamnati

'Yan matan jami'a da ke haya a gidanmu na Bomo sun sa ni gaba da maganar girki. Sai ka ga wata ta leƙo ɗakina da waya a hannu, ta ce, "Mama Saratu, ki koya mini girkin taro kafin hutu ya ƙare. Na kalla a bidiyo, wallahi very simple ne." Nakan miƙa mata faifai in ce ta fara tsince mini wake. Kafin ta kai rabi sai ta tuna tana da lakca. To, yau na zauna zan faɗa muku yadda aikin yake, ku da kuke ganin ciyar da baƙo bai wuce a zuba mai a tukunya a ɗauki hoto ba. Na yi kuku a gidan baƙin gwamnati da ke Samaru tun ina goyon ɗana na fari har na ga jikoki. Gidan ya ci da mu, ya rufa mana asiri, kuma muna ji muna gani ya fita daga hannunmu. Zan kai ku can, amma sai kun bi ta kicin tukuna.

Aikin farko da aka ba ni shi ne wankin babbar tukunyar ƙarfe da shinkafa ta kama a gindinta. Baba Ɗanjuma ne babban kuku a lokacin, tsoho ɗan ƙauyenmu wanda ya koyi aikin a hannun Turawa. Ya miƙo mini toka da soson buhu ya koma kan kujerarsa. Na goge, na ɗauraye, na kai masa. Ko leƙa cikinta bai yi ba. Ya ƙwanƙwasa gefenta da bayan cokali, ya karkata kai.

"Da saura."

"Baba, ka duba mana, har ƙyalli take yi."

"Au, da ido kike girki? To bar mana kicin ki je ki buɗe shagon hoto."

Tukunyar da ƙanzo ya rage a gindinta muryarta a dakushe take, wadda ta fita tas kuwa sai ta amsa maka rau. Na daɗe ina wanke-wanke da tankaɗe kafin a bar ni in riƙe ludayi. Ashe duk tsawon lokacin kunnena ake horarwa, ni ban sani ba.

Tsakanin kicin da ɗakin cin abinci akwai 'yar taga da ake miƙa faranti. Kuku ba ya fita ya tsaya a kan baƙo yana tambayar yaya miya. Rashin tarbiyya ne, kuma ko ka tambaya ƙarya za a yi maka. A bayan tagar nan kake tsayawa ka saurara. In hira ta mutu bayan an kai abinci, ba ka jin komai sai cokula suna tafiya a hankali, to miya ta yi. In ka ji wuƙa tana ƙara a kan tangaran, nama bai dahu ba. In an nemi ruwa tun ba a yi nisa ba, attarugu ya yi yawa. In kuwa ka ji an ja kujera da wuri ana cewa "Alhamdulillahi, na ƙoshi," to ka shirya, mutumin nan zai aiki direbansa sayen tsire, kuma labarin zai riga shi isa hedkwata.

Murhunmu na ƙarfe ne, baƙi wuluk, da obin a cikinsa. Ba shi da maɓalli, ba shi da lamba. In za ka gasa burodi sai ka barbaɗa 'yar fulawa a kan tire ka tura ciki. In ta yi ja a hankali, zafi ya yi daidai. In ta ƙone nan take, sai ka zare itace ka jira. Itacen marke muke so, yana ci a natse ya bar garwashi. Ranar da aka kawo maka ɗanyen mangwaro kuwa, kowa zai ci tuwo mai ƙaurin hayaƙi, kuma kai za a zaga, ba mai itace ba. Wuƙar nama ba ta taɓa albasa. Ƙwai ba a fasa shi kai tsaye cikin kwaɓi, sai a kofi, ɗaya bayan ɗaya, domin ruɓaɓɓe guda ya isa ya zubar maka da aikin safiya.

Baƙinmu iri-iri ne. Malaman gona da suka wuni a ƙauye tuwo suke so mai nauyi da miyar kuka, ba ruwansu da ƙawa. Masu binciken kuɗi ba sa yabon komai, amma suna neman ƙari. Masu shirya jarrabawa shayi ne abincinsu. Direbobi kuwa su ake fara sallama, domin direba mai yunwa shi ne zai ce wa maigidansa a hanya, "Oga, gidan nan ya lalace."

Akwai ranar da wani likitan dabbobi ya sauka da matarsa ba sanarwa, mutanen kudu, ana tsakiyar damina. Matar tana da juna biyu, ta ce ita sakwara da miyar agushi take so. Turminmu ya tsage a satin, agushi kuma ya ƙare. Na buɗe baki zan ce wa mai kai abinci ya je ya ce babu, sai Baba Ɗanjuma ya daka mini tsawa.

"Ke! A gidan nan baƙo ba ya jin babu. Ƙofar baya don me aka yi ta?"

Na fita ta ƙofar baya cikin yayyafi, na aro turmi a gidan wani masinja, na samo agushi a wurin matar wani malamin makaranta. Matar likita ta ci ta suɗe kwano, ba ta san wainar da aka toya ba. Kafin magariba na wanke turmi na mayar, da 'yar malmala a kwano ta godiya. Haka aka koya mana: rashin gida a kicin yake tsayawa, ba ya bin faranti ya fita ta taga. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan tun a ɗakin uwarsa, mu dai an mayar mana da shi dokar aiki.

Cefane a kasuwar Sabon Gari muke yi, da a-kori-kurar gidan. A can na san Mama Ngozi, mai shagon lemo da busasshen kifi. A Sabon Gari aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta wasunku. Ita ke ba gidan lemo da kayan miyar kudu. Ni ba mai yawo ba ce, daga kwatas sai kicin sai coci, amma a shagonta nakan zauna har direba ya gaji da yi mini hon. Ta zo sunan 'ya'yana, ni kuma na je bikin 'yarta na tuƙa tuwo.

Da Baba Ɗanjuma ya yi ritaya ya koma gona, kicin ya dawo hannuna. Mai kula da gidan gaba ɗaya kuwa Malam Isiyaku ne, mutumin Jushi, ɗan gidan malamai, mai sanyin murya, ko kaza ba ya kora da ƙarfi. A zamaninsa aka fara zuwa aro daga sama.

Na farko da na tuna kujerun falo ne. Wani babba a hedkwata zai aurar da 'yarsa, ya aiko da mota a ba shi aron kujeru da kafet, bayan biki za a dawo da su. Mu da hannunmu muka goge su muka ɗora, har muna cewa Allah ya sanya alheri. Biki ya wuce, amarya ta haihu, kujeru shiru. Sai firij, wai na ofishin Darakta ya lalace, a ba da aro kafin a gyara. Sai janareta. Sai farantan tangaran masu tambarin gwamnati, sai labule, sai katifun ɗakunan gaba. A-kori-kura ta tafi gyara ba ta dawo ba. Ba wanda ya taɓa cewa "ba ni." Kowa aro yake cewa, da sallamarsa da godiyarsa. Malam Isiyaku yakan sa babbar riga ya je hedkwata ya tuna musu cikin ladabi, sai a ba shi wurin zama a ce, "Haba Malam, kayan gwamnati a hannun ma'aikacin gwamnati, ai ba su ɓata ba." Ya dawo ya zauna a gindin mangwaro yana jan carbi.

Baƙi suka ja baya, dole. Wa zai kwana a ɗakin da ba labule? Nama kuma da ba firij sai in saya kaɗan-kaɗan, abin da ya rage in soya shi ƙarau in rataye. Murhun ƙarfe ne kawai ya tsira, shi ma don ba ya ɗaukuwa.

Sai shekarar garambawul ta zo. Aka ce za a tantance ma'aikata a fitar da na bogi. Muka yi layi a rana, kowa ya ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura. Nawa ta ƙi karɓa. Yatsan da ya yi shekara da shekaru yana ɗaga murfin tukunya yana wanki da toka, zanensa ya shafe. Jami'in ya ce in goga a goshi, na goga. Ya ce in hura masa iska, na hura. Malam Isiyaku yana bayana ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta bogi ce, to wa ke tuƙa mana tuwo?" Da ƙyar ƙaramin yatsana ya fitar da ni.

Ba mu gama murnar wannan ba sai labari ya zo cewa gidajen baƙi irin namu ba sa kawo wa gwamnati komai, za a ba 'yan kasuwa su haya ta shekaru masu yawa, ma'aikatan ciki kuma a sallame su. Wato aiki ya tafi, kwatas ya tafi. A nan ne Malam Isiyaku ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Ya je wurin 'yan ƙungiyar ma'aikata ya zayyana musu komai: gidan ba mutuwa ya yi ba, kwashe shi aka yi. 'Yan ƙungiya suka kai magana majalisa, majalisa ta ce kwamitinta zai zo ya gani da ido kafin a sa hannu a kan komai. In suka tarar an yashe gidan, za a dakatar da hayar, a nemo kaya. Wannan ce kaɗai damar da ta rage mana, kuma dukanmu mun san haka.

Muka taru a gindin mangwaro, mu da masu shara da maigadi, muka yanke shawara: kada a taɓa komai. Su zo su ga falo da benci biyu da muka ɗauko daga kwatas. Su ga ƙusoshin labule tsirara, su ga inda firij ya bar shatinsa a siminti. Kowa ya yarda.

Ana gab da zuwansu sai aka bugo waya cewa kwamitin a gidanmu zai ci abincin rana. Malam Isiyaku ya shigo kicin ya tsaya, ya cire hula ya mayar.

"Saratu, a kan me za su zauna?"

"Benci, Malam. Ba haka muka ce ba?"

"Haka muka ce. Amma akwai dattawa a cikinsu. An ce har da mace. Mutum ya taso daga nesa saboda mu, mu ɗora shi a benci ya riƙe kwano a cinya?"

Ni ma abin yana cina tun da na ji labarin, domin kwanukan da suka rage mana na roba ne, duk sun koɗe. Na ce, "To kujeru kawai. Da faranti."

"Kujeru kawai da faranti," in ji shi.

Ku da ba ku taɓa karɓar baƙon kunya ba za ku ce wauta ce. Ku bari sai ranar ta zo muku. Kujeru suka zo daga gidan yayan Malam, masu kyau, na auren ɗansa. Da aka jera su a kan simintin da ya farfashe sai suka ƙara tona shi, aka aro kafet. Kafet ya sauka, rana ta faɗo kansa ta taga, wata mai shara ta ce 'yarta amarya ce, tana da labule. Faranti da cokula da kofuna na karɓo a wurin matan zumunta na cocinmu. Sai maganar ruwa. Ana zafin bazara, za ka ba ɗan majalisa ruwan randa? Na hau mota na tafi Sabon Gari.

Mama Ngozi ta saurare ni har na gama, ta riƙe haɓa.

"Saratu, tsaya. Ba kin ce mini so kuke su ga babu komai ba?"

"Za mu faɗa musu da baki. Su ci su sha tukuna."

"Da baki. Hmm. Ku Hausawa da kunyarku, Allah ya kyauta." Ta juya ta fara kwashe lemo daga firij ɗinta. Babba ne, fari, mai ƙofa biyu, da lotsawa a gefe inda amalanke ya taɓa buge shi. "Ana gamawa nake son abina. Shi ne shagon."

Firij ba ya aiki sai da wuta, don haka mai shagon aski na bakin titi ya ba mu janareta. Kafin azahar ta ranar, falo da ɗakin cin abinci sun koma kamar yadda na same su da ƙuruciyata. Maigadi ya shigo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kai, ashe haka muke." Ba wanda ya tuna masa da shawarar gindin mangwaro.

Girkin ranar ban taɓa yin irinsa ba. Tuwon shinkafa da miyar taushe da kabewar Bomo, waina da ƙullinta ya tashi yadda ake so, farfesun kayan ciki, sakwara saboda an ce akwai mai so, zoɓo da kunun aya masu sanyi har suna gumi a jikin kofi. Kaji daga kwatas muka kama, kowa ya ba da tasa. Suka iso la'asar ta kusa, da yunwarsu, motoci a jere. Darakta ne a gaba yana nuna musu hanya, shi da firij ɗinmu ke ofishinsa. Na ga ya taka ƙofar falo ya ɗan tsaya. Ya dubi kujeru, ya dubi labule, ya dubi Malam Isiyaku. Sai ya yi murmushi ya ce, "Bismillah, ranku ya daɗe, ku shigo."

Na koma bayan taga. Hira ta mutu, cokula na tafiya a hankali. Da wata rana ce da na ji daɗi. Can sai na ji muryar shugaban kwamitin, mai kauri, baki cike.

"Darakta, wannan ne gidan da aka ce an kwashe?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"To me aka kwashe?"

"Ka san 'yan ƙungiya, ranka ya daɗe. Duk wanda gyara zai taɓa sai ya nemo labari."

Aka yi dariya. Wani ya ce a ƙaro masa waina.

Bayan sun ci suka zaga. Akwai mai ɗaukar hoto tare da su, duk abin da suka tsaya a kai sai ya ɗauka. Shugaba ya buɗe firij ya ce, "Malam, yana aiki?" Malam Isiyaku ya ce, "Yana aiki, ranka ya daɗe." Gaskiya ya faɗa. "Janareta fa?" "Ga shi kana ji, ranka ya daɗe." Ba wanda ya tambayi na wane ne. Ɗakunan kwana kuwa, inda ba katifa ba labule, mun ja ƙofofinsu tun da safe, kamar yadda mace ke jan ƙofar ɗakin da ba ta share ba. Shugaba ya dubi layin ƙofofin, ya dubi agogo, ya ce sauran ma ai haka suke.

Macen cikinsu, wata Hajiya mai farin gilashi, ita kaɗai ta shigo kicin. Ta yaba miya, ta tambayi yadda nake sa gyaɗa. Sannan ta rage murya.

"Mama, tsakani da Allah, akwai abin da ke damunku a nan?"

Ga Darakta a bakin ƙofa yana danna waya. Ga ta da kofin matan zumunta a hannu, zoɓona bai ƙare a ciki ba. In ce mata kofin da kike sha na aro ne, kujerar da kika zauna ta aro ce? Na ce, "Ba a rasa ba, ranki ya daɗe."

A wurinmu in mace ta ce maka ba a rasa ba, to ka ja kujera ka zauna, akwai magana. Ita ma Bahaushiya ce, na tabbata ta sani. Ta buɗe baki, sai aka yi hon a waje. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ko'ina haka ne, Mama, sai haƙuri." Ta ajiye kofi ta fita.

Malam Isiyaku ya kwana biyu yana shirya jawabinsa. A bakin mota shugaba ya riƙe hannunsa da hannu bibbiyu, ya ce duk inda suka zaga ba a karɓe su kamar nan ba, Allah ya yi albarka. Me za ka ce wa wanda ke sa maka albarka? Malam ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, gidanku ne." Sai da ƙofa ta rufe ya sunkuya ta gilashi ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai ɗan bayani."

"A rubuto, Malam, a rubuto."

Motoci suka tashi.

Washegari tun da sassafe muka mayar wa kowa kayansa, a wanke, a goge, kowanne da ɗan kwanon waina na godiya. Kafin hantsi falo ya koma benci biyu. Malam ya rubuta bayanin ya kai wa 'yan ƙungiya, amma su ma fushi suke da mu, sun ce mun kunyata su a gaban majalisa. A rediyo muka ji sakamako: kwamiti ya gani da ido, gidan lafiyarsa ƙalau, kayansa na nan, zancen kwashewa ba shi da tushe. Aka amince da haya.

Da abin ya tsaya nan, da na ce mun yi rashi irin na kowa. Wanda aka ba gidan, wani Alhaji mai otal-otal, ya zo karɓa da hotunan ranar a wayarsa, domin da su aka nuna masa abin da zai samu. Ya tsaya a falo, ya dubi waya, ya dubi bango.

"Ina kujerun? Ina firij?"

Malam ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Alhaji ya kira Darakta, Darakta ya zo da 'yan sanda. Ya saurari Malam har ƙarshe bai katse shi ba, sannan ya ce, "Aro? Malam Isiyaku, da girmanka. Wa ya taɓa jin ma'aikaci ya yi wa gwamnati aro? Majalisa ta ga kaya, ga hoto. Bayan tafiyarta kaya sun fita. A hannun wa makulli yake?"

Malam mutum ne da bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba. Don ya wanke kansa sai ya ce su zo ya kai su wurin masu kayan, su ji daga bakinsu. Na ce zan bi su, tunda ni na karɓo firij. Shagon Mama Ngozi muka fara zuwa, kasuwa na ci. Ɗan sandan ya ɗaga waya kusa da firij. Ga fari, ga ƙofa biyu, ga lotsawar amalanke a hoto, ga ta a gabansa.

"To, ga ɗaya an samu."

"An samu me?" in ji Mama Ngozi. "Oga, na my own be dis! Kowa a layin nan ya san shi. Saratu, faɗa musu mana!"

Na faɗa. Na rantse. Maƙwabtanta suka taru suka faɗa. Ɗan sandan ya ce ta kawo rasit. Firij ɗin da ta saya na hannu tun 'yarta na goye, ina rasit? Suka kwashe lemon suka jera mata a ƙasa, suka kira 'yan dako. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe igiyar wutar gam, sai da aka ɓamɓare ta daga hannunta. Kafin mu bar Sabon Gari labari ya isa Samaru. Mai aski ya kai janaretansa ƙauye, yayan Malam ya rufe ƙofa ya ce bai san zancen ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ba a kai mu kotu ba, wai don shekarunmu. Aka sallame mu da sunan ɓarayi a kanmu. Malam Isiyaku ya koma Jushi. Ba ya fita sai masallaci, in an yi sallama da shi ma aikowa yake a ce yana barci. Ni na kwashe tukwanena na dawo Bomo. Mun bi sawun firij, ni da Mama Ngozi, daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce maganar ba a teburinsa take ba. Na nemi Hajiyar nan mai gilashi, aka ce an yi zaɓe ba ta koma ba, kwamitin ma an zuba masa sababbin mutane. Kayan gidan na asali kuwa, tunda majalisa ta ce suna nan, ba wanda ya sake nemansu.

Bayan mun gaji da yawon ofisoshi na daɗe ban taka Sabon Gari ba. Da na daure na je, na tarar da Mama Ngozi a bakin shago, lemo a cikin baho da ƙanƙarar saye da ta narke tun hantsi. Rabin kantocin babu kaya, masu neman sanyi sun koma gaba. Ta gan ni, ta turo mini kujera da ƙafa. Ta tsamo kwalba ɗaya ta buɗe ta miƙo mini.

"Sha. Da ɗumi, haka za ki sha shi."

Na sha. Muka zauna muna kallon masu wucewa.

"Saratu," ta ce, "in mutanen nan suka sake zuwa, don girman Allah ki zaunar da su a ƙasa."

Na ce mata ba za su sake zuwa ba. Sun riga sun gani da idonsu.